Neman shawara: rigar sikirob ga sabuwar ɗalibar jinya

'Yar Argungu: Assalamu alaikum iyayenmu sistoci da yayyenmu. Allah ya sa na samu gurbin karatun jinya a Birnin Kebbi, yanzu muna zangon farko, wato PTS. Kawuna ya ba ni naira dubu 35 ya ce in yi kayan aiki da su. Kullum ina ganin masu tallar sikirob, wato riga da wandon nan na ma'aikatan asibiti, a WhatsApp, ga ruwan hoda, ga ruwan toka, ga wata shuɗiya mai duhu da ta tsaya mini a rai. Shin in sayi ɗinkakkiya ko in kai wa tela? Wane yadi ne ke jure zafin nan namu? Saiti nawa zai ishe ni? Sai babbar damuwata: duk waɗanda na gani gajeren hannu gare su, ni kuwa tun da na girma ban taɓa fita da damtse a buɗe ba, kuma Baba ya riga ya ce ba da shi ba. Don Allah a ba ni shawara kafin in ɓarnatar da kuɗin mutane.

Sista Mai Ritaya: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya sa albarka a karatun. Ƙulle kuɗin nan a bakin zane tukuna. Ɗan PTS bai gama zama ɗalibi ba sai ya haye jarrabawar ƙarshen zango, ita ce rariyar da ke tace mutane, bayanta ne ake bikin sanya hula a fara tura ku ɗakunan marasa lafiya. Kuma ba ke za ki zaɓi launi ba. Makaranta ce ke faɗin irin yunifom, da launinsa, da tsawonsa, wani lokaci har telan da za a kai wa. A asibiti launin kaya magana yake yi: da shi ake bambanta ɗalibi da ma'aikaci, a bambanta nas da mai shara da ma'aikacin ɗakin gwaji. Shekara 35 na yi ina aiki, mafi yawansu cikin farin kaya. Sikirob asalinta kayan tiyata ce, sai ɗakin haihuwa da sashen masu tsananin ciwo, daga baya ne ta bazu. Wasu ɗakunan tiyatar ma nasu suke ba ki ki sa a ciki, ki cire ki bar musu in za ki fita. Je ki tambayi malamar da ke kula da ajinku, ki kuma tambayi 'yan aji biyu.

Ummu Haidar: Mama ta gama magana. Ni ce shaida, ina aji uku yanzu. Tun kafin a sa mana hula na sayi saiti biyu masu ruwan hoda saboda hoton ya yi kyau. Ranar farko da na sa ɗaya, metiron, wato shugabar nas-nas, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Biki aka gayyace ki?" Ta kora ni hostel in sake kaya. Yanzu da su nake wanke-wanke.

Amma ba launin ne ya fi ba ni wahala ba, yadin ne. Roba ce zalla, irin mai sheƙin nan. A watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, ga wuta an ɗauke, fanka ta tsaya, ki tsaya kan mara lafiya kina gyara masa ƙarin ruwa, sai ki ji rigar ta manne miki a baya kamar leda. Gumi ba ya fita, ƙuraje suka feso mini a wuya da ƙasan hammata. In ba ki manta komai ba, kada ki manta wannan.

Sai aljihu. Kada ki yarda da riga mai aljihu ɗaya a ƙirji. Da kin sunkuya biro ya zube kan gadon mara lafiya. Ki nemi manya biyu a ƙasa, masu zurfin da hannunki zai shige har wuyan hannu. Abin da ke cikin nawa kullum: biro shuɗi da ja, ƙaramin almakashi, filasta, ɗan littafin rubutu, safar hannu ta ko-ta-kwana. Agogon nas kuma a ƙirji ake maƙala shi, to wurin ya zama mai kauri kada allurar ta yaga shi.

Tela Na Bakin Kasuwa: Hajiya, bari mu masu keke mu sa baki. Auduga zalla ta fi sanyi a jiki, gaskiya ne, sai dai tana yamutsewa, tana motsewa in an wanke, launinta kuma yana koɗewa da wuri. Wanda ya fi yi wa masu aikin asibiti shi ne gauraye, wanda 'yan kasuwa ke kira TC ko tetiron. Wanda ya fi yawa a kasuwa kashi 65 roba ne, 35 auduga. In kin samu wanda audugarsa ta fi haka, ɗauki shi ko da ya ɗan fi tsada. Mai shago zai rantse miki cewa auduga ce, to zare ɗan zare daga bakin yadin ki kusantar da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri, da warin leda.

Ga mace matsakaiciya, riga da wando yadi uku ya isa in mai faɗin inci 60 ne, in mai 45 ne sai huɗu. Ki jiƙa shi ki shanya kafin a yanka, in ba haka ba wankin farko wandon zai haye sama da idon sawu. Ki ce a yi wa rigar tsaga a gefe biyu, a ninka ɗinkin bakin aljihu, wandon kuma a sa masa roba da zariya duka biyun. Farin yadi ki ɗaga shi a rana ki sa hannu a baya: in kin ga yatsunki, ajiye shi. In ku da yawa ne ku haɗa kuɗi a sayo muku bandir daga Kantin Kwari a Kano, ya fi sauƙi, launin kuma zai zo iri ɗaya.

Abu Sumayya: Ni dai ina bayan mahaifinta. A ɗinka mai dogon hannu har wuyan hannu, a sa babban hijabi, magana ta ƙare. Aiki ba ya sa a zubar da sutura.

Nas Ɗin Tiyata: Malam Abu Sumayya, niyyarka mai kyau ce, amma bari in gaya maka abin da ido ke gani a wurin aiki. Gajeren hannun nan ba ado ba ne. Nas tana wanke hannu kafin ta taɓa mara lafiya da bayan ta taɓa shi, sau da yawa a wuni har ba a ƙirgawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wankin sabulu da ruwa ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60, ruwan kuma yana kaiwa wuyan hannu. A tiyata har gwiwar hannu muke wankewa. Bakin dogon hannu yana jiƙewa, yana shafar miki, yana shafar zanen gado, sannan ki ɗauke shi ki kai gado na gaba inda jariri yake. Safar hannu ba ta rufe shi. Haka babban hijabi mai lilo: kin sunkuya kan mai haihuwa gefensa ya faɗa cikin jini, ke ba ki ma sani ba. A ƙasar da zazzaɓin Lassa ke tashi duk rani, amai da gudawa kuma da damina, kuma an sha rasa ma'aikatan lafiya ta wannan hanya, ba abin wasa ba ne.

Kuma ba a rasa mafita ba, mu ma Musulmi ne, muna yi kullum. Ƙanwata, ki sa tela ya yi miki hannun riga mai sauka ƙasa da gwiwar hannu kaɗan, mara faɗin baki, wanda zai naɗe sama ya tsaya da maɓalli. Damtse a rufe, wurin wanki a buɗe. Wuyan rigar kada ya yi zurfi, domin wuyan V na kanti an yanka shi ne ba da mu a rai ba. Gwada ta gaban madubi: sunkuya kamar za ki ɗaga mara lafiya, ɗaga hannu kamar za ki rataya ledar ruwa, tsuguna. In wani wuri ya buɗe ko ya ɗame, a sake. Tsawon rigar ya rufe mazaunai. Hijabin aiki ƙarami ne, iya kafaɗa, wanda ba ya lilo ko a cusa shi cikin wuyan riga. In kin fito ƙofar asibiti ki zumbula babbanki har ƙasa. Wannan bayanin za ki yi wa Baba, in da hali ki sa wata babbar sista ta yi masa.

Abu Sumayya: To, in har damtse a rufe yake, da sauƙi. Amma makarantar za ta yarda da wannan ɗinkin?

Nas Ɗin Tiyata: Shi ya sa Mama ta ce a tambaya kafin almakashi ya taɓa yadi. Ta zana shi a takarda ta nuna wa malamarsu.

Maman Biyu Jega: Kan yawan saiti: uku. Ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a goge cikin jaka, don ranar da yaro zai yi miki amai tun ƙarfe tara na safe. In kuɗi bai kai ba fara da biyu, amma ki san duk dare sai kin yi wanki. Kada ki maimaita kayan jiya ko da ba ki ga datti ba.

In jini ya taɓa, ruwan sanyi za ki fara sa wa nan take, ruwan zafi dafa shi yake ya zauna daram. Bayan tabon ya fita sai ki wanke da ruwan zafi da omo, ki shanya a rana, ki goge. Hypo ko Jik na farin kaya ne kawai, kuma a tsarma shi da ruwa. Ɗigo ɗaya a kan shuɗiyar riga ya bar miki tambari har abada. Bokitin kayan asibiti daban, kada ya haɗu da kayan ƙannenki. Kuma don Allah kada ki bi sahun masu shiga kasuwa da yunifom suna taɓa tumatir.

Ummu Haidar: Maman Biyu kin manta da GV, shuɗin maganin nan. Wannan in ya zuba sai dai haƙuri.

Ɗan Zuru: Tambaya a gefe, me ya sa kayan tiyata kore ne ko shuɗi, ba fari ba?

Nas Ɗin Tiyata: Saboda ido. Farin kaya ƙarƙashin fitilar tiyata yana kashe ido. Sannan in ka daɗe kana kallon ja, ka ɗaga kai ka dubi fari, sai ka riƙa ganin inuwa kore-kore tana yawo. A kan koren yadi inuwar ɓacewa take, tabon jini kuma ba ya tayar da hankali kamar a kan fari.

'Yar Argungu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau bayan darasi na samu malamarmu. Ta yi dariya ta ce in fara cin jarrabawa tukuna, za a ba mu samfurin yadi da zanen ɗinki a lokacinsa, sikirob kuma sai za mu shiga tiyata da ɗakin haihuwa. Na nuna mata zanen hannun mai maɓalli, ta karɓa ta ce za ta duba. Kuɗin na ba Inna ta ajiye, na cire na agogo kawai. Saura takalmi: an ce sai rufaffe mara tsini, wanda ruwa ba ya ratsawa. Masu tsayuwar dare, wane iri ne ba ya sa ƙafa ciwo?