'Yan SS2 sun ce 1/2 + 1/3 = 2/5, ni kuma an ce na makara a sikim

Sabon Malami: Assalamu alaikum iyayena da malamaina. A yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan barci ya gagare ni. Fiziks na karanta a BUK, na yi bautar ƙasa, na dawo na shekara biyu a shagon yayana a Kantin Kwari ina auna yadi. Ba korata ya yi ba, ni na ga karatun zai tashi a banza, ga shi an sa ranar aurena bayan babbar salla. Wani abokin Baba ne ya yi min hanyar koyarwar nan. Daga Kurna nake hawa adaidaita biyu kullum, ku lissafa abin da ke ragewa a albashin.

An ba ni lissafi da fiziks a SS2, yara sun haura casa'in. Makon farko na rubuta 1/2 + 1/3 a allo, kusan duk ajin suka ce 2/5. Jikina ya yi sanyi. Na ajiye logaridim na koma tarawa da rabawa, da Hausa nake bayani, kuma wallahi sun fara ganewa. To ranar Laraba mataimakin firinsifal ya duba littafin aiki, ya ce ina mako na biyu a sikim, wato jadawalin darussan zango, alhali muna na takwas, ga kwalifayin, jarrabawar tantance 'yan SS2, ta matso. A gaban malamai ya faɗa. In bi sikim ko in ci gaba?

Malama Mai Kemistiri: Wa alaikumus salam. Ƙanena, makarantar ta gwamnati ce ko ta kuɗi? Kuma firiyod nawa gare ka a sati? Shawarar ta danganta da wannan.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, shekara 35 na yi da alli a hannu, saurara. Kai aka ɗauka ka koyar da SS2, ba a ɗauke ka gyaran ɓarnar firamare ba. Da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, tace yara aka yi da jarrabawa, aka koyar da su da Turanci, ga likitoci da injiniyoyin da suka fito nan kowa yana gani. WAEC ba ta tambaya da Hausa. Yaron da ya saba jin "raba" zai ga kalmar Turancin a takarda ya tsaya yana kallonta kamar baƙauye a Sabon Gari. Koma sikim gobe.

Sabon Malami: Baba na gode, amma waɗancan tace su aka yi kamar yadda ka ce. Nawa ba wanda ya tace su. Ta yaya zan ɗora logaridim a kan yaron da bai san sau bakwai ba?

Mai Lesin na Hotoro: Malam, kada ka kashe kanka. Lissafin WAEC tambaya 50 ne na zaɓi, sai 13 na rubutu a amsa 10. C6 ake nema ba A1 ba. Tattaro tsofaffin takardun shekara goma, za ka ga abin da ke maimaituwa: ƙididdiga, riba da faɗuwa, kwadiratik. Su za ka dinga niƙa musu. Kalkuleta ta ɗauke musu firakshan.

Malama Mai Kemistiri: Niƙa ba koyarwa ba ce. Ni ɗakin gwajinmu ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, biret ɗin da ya rage, wato bututun gilashin auna ruwan gwaji, bakinsa a fashe, sai an ji jarrabawa ta zo a aro kaya daga wata makaranta. Yarinya ta fara riƙe fifet, bututun ɗiban ruwan gwaji, ranar jarrabawa, hannu yana rawa! Da kuɗina nake sayen zoɓo in jiƙa. A ɗiga lemon tsami ya ƙara ja, a zuba ruwan kanwa ya koma kore, shi ke nan sun ga asid da bes da idonsu. Da Hausa nake bayanin, in rubuta Turancin a allo su kwafa. Ba wanda ya taɓa mayar min da ko kwabo, sai ma tuhuma da na sha wai na ɓata benci.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, zoɓo ba ya cikin sikim. Kai kuma ɗana, tunda Hausa ta iya komai, na san da "bashi" kake koya musu lambar da ke ƙasa da sifiri. To faɗa min, bashi uku sau bashi biyu ya aka yi ya zama shida a aljihu? Nan Hausar take tsayawa.

Sabon Malami: Ba mu kai nan ba tukuna, Baba. Amma bashin ya yi aiki a tarawa da ɗebewa, har wani yaro da ke tsare wa babansa kanti ya riƙa koya wa na kusa da shi.

Ɗan Lissafi: Baba, da girmamawa, wannan ba laifin Hausa ba ne, ko da Turanci misalin bashi nan yake ƙarewa. A jera musu: 3 sau -2 shi ne -6, 2 sau -2 shi ne -4, sai -2, sai 0. Kowane taki ana ƙara biyu. To -1 sau -2 me zai zama? Da bakinsu za su ce 2. Kuma tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada koyar da firamare da Yarbanci a Ife, yaran ba su gaza ba. Ni shawarata, minti goma na farkon darasi na tushe, sauran na sikim.

Baba Mai Ritaya: Firamare ka ce. Mu SS2 muke magana.

Malamin Firamare: Kullum mu ake jifa. Ku zo ku ga aji a ƙasa, ba benci, kuma ba a maimaita wa kowa aji, duk wanda ya shekara ya wuce. An ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar Kano a 2024, muna fata ta iso ajina. Ni ƙarin girmana ma shekara nawa ina jira.

Sabon Malami: Minti goma ba zai ishi yaran nan ba, na gwada. Lesin yamma kuma ba zai yiwu ba, Islamiyya suke tafiya, wasu kasuwa. Ni dai ban ga kuskurena ba, cin fuskar ce ta dame ni.

Baba Mai Ritaya: To shawara ka zo nema ko shaida? Ka yi PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri, ma kuwa? Kana da rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista? Sanin fiziks daban, iya koyar da shi daban. Ranar da sakamakon kwalifayin ya fito, sunanka za a kira, ba na zoɓo ba.

Malama Mai Kemistiri: Har yanzu fa ba ka ce ta gwamnati ce ko ta kuɗi ba.

Sabon Malami: Litinin ya ce zai shigo ajin da kansa. Zan ga abin da zan yi.

Mai Lesin na Hotoro: In kana son tsofaffin takardun, ina da su daga 2012, kuɗin hoto kawai za ka biya.