Neman shawara: Laftof ɗina tana daskarewa a Ubuntu, amma lafiya lau take a Windows

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta hana ni aiki. Na raba rumbun ajiyar laftof ɗina gida biyu, na bar Windows 11 a gefe guda, na ɗora Ubuntu 24.04, wani tsarin aiki na Linux, a ɗaya gefen saboda darasin rubuta manhaja da nake ɗauka. A Windows babu abin da ke damunta, amma da na shiga Ubuntu ba a jimawa sai allon ya daskare, linzami ya tsaya cik, fanka ta riƙa kuka, har sai na danne maɓallin kunnawa ta mutu. Wani lokaci kuma, musamman idan daga Windows na fito, ba ta ganin Wi-Fi sam. Katin hoto biyu ne a cikinta, na Intel da na NVIDIA. Wani mai gyara ya ce in goge komai in sake ɗorawa, ni kuwa ina tsoron asarar ayyukana.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka goge komai, domin idan direba, wato manhajar da ke sarrafa sassan kwamfuta, shi ne bai dace da na'urar ba, ko ka sake ɗorawa inda kake za ka dawo. Alamun da ka bayyana sun fi kama da na direban katin hoto. Idan ba a saka direban NVIDIA lokacin ɗorawa ba, Ubuntu tana amfani da wani buɗaɗɗen direba mai suna nouveau, wanda bai cika iya sarrafa wutar sababbin katuna ba, balle a kwamfutar da ke sauyawa tsakanin kati biyu. Idan jerin zaɓin GRUB, wanda ake zaɓar Windows ko Ubuntu a kansa lokacin kunnawa, ya fito, ka danna harafin e, ka nemi layin da ke ɗauke da quiet splash, ka ƙara nomodeset a bayansa, sannan ka danna F10. Hoton zai yi muni, kuma gyaran na wannan kunnawar ne kaɗai, amma zai ba ka damar shiga. Daga nan ka buɗe Terminal, wato wurin rubuta umarni, ka rubuta sudo ubuntu-drivers install, ka sake kunnawa, ka gwada nvidia-smi. Idan ya nuna sunan katin da zafinsa, direban ya hau.

Amsa ta biyu:
Ina goyon bayan wannan bayani, sai dai akwai inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Idan Secure Boot, wato tsaron da ke tantance manhaja lokacin kunnawa, yana kunne, kanel, wato zuciyar tsarin aikin, ba zai karɓi direban da ba shi da sa hannu ba, shi ya sa wani lokaci ake ganin shuɗin allo yana neman a yi rajistar mabuɗin MOK, wanda ake sa wa direban hannu da shi. Idan ya fito maka kada ka tsallake shi, ka zaɓi rajistar ka saka kalmar sirrin da ka zaɓa lokacin saka direban. In kuma kashe Secure Boot za ka yi, don Allah ka fara adana mabuɗin BitLocker, tsarin da Windows ke kulle rumbu da shi, mai lambobi 48, saboda Windows tana iya kulle rumbun ta nemi shi.

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, batun Wi-Fi a ganina matsala ce ta daban. Tun daga Windows 8 a 2012 akwai tsarin Fast Startup, wanda ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, yana ajiye halin da kanel da direbobi suke ciki ne don ta tashi da sauri, sai Ubuntu ta tarar da katin Wi-Fi a yanayin da ba ta iya farkar da shi. Ka kashe Fast Startup a cikin Power Options na Windows.

Mai amsa ta farko:
Haka ne, amma ina roƙonka ka yi su ɗaya bayan ɗaya, don mu san wanne ne ya yi magani. Idan ta sake daskarewa, bayan ka kunna ka rubuta journalctl -k -b -1, zai nuna saƙonnin kanel na kunnawar da ta gabata, ka turo mana layukan ƙarshe.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na fara duba saƙonnin, na tarar sunan nouveau ya cika layukan ƙarshe. Na saka direban, allon bai sake daskarewa ba, Wi-Fi ma ya dawo bayan na kashe Fast Startup. Abin da ya rage shi ne idan na rufe murfin na buɗe, allon yana zama baƙi na ɗan lokaci. Zan turo saƙonnin wannan ma da yamma in sha Allah.