Wace kalma za mu ba "alien" da Hausa? Ni na tsaya a kan Basamaniye

Jama'a, assalamu alaikum. Ina so mu tsayar da kalma ɗaya ta Hausa ga abin da Turawa ke kira alien, wato halittar da ta fito daga wata duniya, musamman irin waɗanda yaranmu ke kallo a katun, su Ben 10 da Dragon Ball da Superman. Masu fassara finafinai suna buƙatarta, malaman firamare suna buƙatarta, haka ma uwar da ɗanta zai nuna mata talabijin ya ce, "Umma, wannan mai hannu huɗun mene ne shi?" A yanzu kowa da abin da yake faɗa. Wannan ya ce aljani, wancan ya ce dodo, masu labarai su ce baƙin halittu, yara kuma su ce eliyen su wuce abinsu. Ina da tawa shawarar, amma kafin na faɗe ta sai mun duba su waye waɗannan halittu a cikin labaran nan, don ba a raɗa suna kafin a ga jariri.

Mu ɗauki Ben 10, tunda shi ya fi shiga gidajenmu. Tashar Cartoon Network ta fara nuna shi a ƙarshen 2005. Yaro ne ɗan shekara 10, Ben Tennyson, yana yawon hutu a mota tare da kakansa Max da 'yar'uwarsa Gwen, sai ya tsinci wata na'ura mai kama da agogo, Omnitrix, ta manne masa a hannu. In ya danna ta sai ya rikiɗa ya koma ɗaya daga cikin halittu goma. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, goman nan ba siffofi ne na tsafi ba. Kowanne wakili ne na wata al'umma mai mazauninta. Mai hannu huɗu daga duniyar Khoros jinsinsa suke. Mai jikin wuta daga Pyros yake, wadda ma tauraro ce mai ci bal-bal. Ɗan ƙaramin nan mai kaifin basira, wanda bai wuce tafin hannu ba, jinsin Galvan ne, kuma daga cikinsu Azmuth ya fito, wanda ya ƙera agogon. Dalilinsa na ƙera shi kuwa ba yaƙi ba ne. So ya yi wani jinsi ya shiga jikin wani, ya ɗanɗani rayuwarsa, ko a samu fahimtar juna.

Wato dai mutanen wani wuri ne. Suna da iyaye, suna da harshe, suna da sarakuna da manoma da ɓarayi. Duk kalmar da ba ta ɗauke wannan ba, to ba ta kama ba.

Shi ya sa aljani ba zai yiwu ba. Aljanu a wurin Bahaushe ba ƙagen marubuci ba ne, halittar Allah ne da aka yi daga wuta, suna cikin gaibu, kuma akwai hisabi a kansu. In muka koya wa yaro cewa jarumin da yake so ya zama aljani ne, mun dagula masa abu biyu a lokaci guda, aƙidarsa da labarinsa. Na san abin da ke jan mutane zuwa ga kalmar: rikiɗa, ɓacewa, ratsa bango. A cikin goman farko ma akwai wanda aka yi shi da siffar fatalwa, ya kuma ɓalle daga agogon daga baya ya zama abokin gaba. Amma shi ma labarin ya ba shi duniya da jinsi, ba daga kabari ya fito ba. Dodo kuma yana da gurbinsa tun a tatsuniya, shi ne mai cin mutane, wanda ake tsorata yaro da shi. A bar wa mugayen namun da jarumi ke yaƙa wannan suna. Ba za ka kira Superman dodo ba alhali shi ne ke tare jirgin da zai faɗo.

Baƙo ya fi su kusa, kuma na daɗe a kansa, domin halin da ya fi maimaituwa a jaruman nan halin baƙunta ne. Superman, wanda Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da shi a 1938, jariri ne da iyayensa suka sa a kumbo kafin duniyarsu Krypton ta tarwatse, wasu manoma a Kansas suka tsince shi suka raine shi. Goku na Akira Toriyama shi ma tsintacce ne, wani tsoho ya raine shi a dawa, sai a farkon Dragon Ball Z, a 1989, masu kallo suka ji cewa ɗan jinsin Saiyan ne, an turo shi ne ya murƙushe duniyarmu, faɗuwar da ya yi yana jariri ya bugu a ka ita ta sauya masa hali. Duniyarsu ita ma an hallaka ta. J'onn J'onzz na Justice League, wanda aka fara nunawa a 2001, shi kaɗai ya rage a cikin mutanen Mars. Maraici ne ke bin su duka, maraicin da ya wuce rashin uwa da uba, don babu ma garin da za su koma. Wannan ne ke sa su riƙe garin da ya karɓe su da hannu biyu, har su fi 'yan gari kishinsa. Kunnen Bahaushe ya saba da irin wannan labari. Bayajidda baƙo ne da ya sauka Daura, ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ya gagari mutanen gari, ya auri sarauniya Daurama. Don haka baƙo ya zama gwarzo ba sabon abu ba ne a wurinmu.

Akwai kuma ɗaya fuskar baƙuntar, wadda ke ba yara dariya: rashin sanin al'ada. Starfire ta Teen Titans, gimbiya ce daga Tamaran, ƙarfinta ya isa, amma karin maganar mutane na ɗaure mata kai, takan ɗauki wasa da gaske, abincin da take dafawa ba mai iya ci. Rook, abokin aikin Ben a zangon Omniverse na 2012, ɗan manoma ne daga Revonnah, mai ladabi da tsantseni a magana, ya san dokar aiki sarai amma bai san barkwancin titi ba. Marubutan sukan yi amfani da su ne su tambayi abin da mu muka daina tambaya don sabo.

To me ya hana mu tsaya a kan baƙo? Abu biyu. Na farko, kalmar ta riga ta yi kaya. Baƙo na gida, baƙin haure, baƙon al'amari, duk nata ne, dole sai an ja mata jela, a ce baƙon halitta daga wata duniya, kuma mai fassara da ke bin leɓen ɗan katun ba shi da wannan sararin. Na biyu ya fi damuna. A rubuce, jam'in baƙo da launin baƙi ba su da bambanci. Baki yana raba su da tsawon wasali da karin sauti, alƙalami ba ya rabawa. Ka rubuta "baƙin halittu sun kawo hari" ka ba ɗan aji huɗu ya karanta, akwai yiwuwar ya fahimci halittu masu baƙin launi ake nufi. Ba na son kalmar da za ta ƙara ɗaure baƙar fata da abin tsoro a kan yaro, ko da bisa kuskure ne.

Ga shawarata. Hausa tana da hanyarta ta sanya wa mutanen wani wuri suna, kuma ba ta taɓa gazawa ba: Bahaushe, Bahaushiya, Hausawa; Balarabe, Balarabiya, Larabawa. Tunda sararin samaniya muke cewa ga inda taurari da sauran duniyoyi suke, sai mu ce Basamaniye ga namiji, Basamaniya ga mace, Samaniyawa ga jam'i. Superman Basamaniye ne. Starfire Basamaniya ce. Agogon Ben yana rikiɗa shi zuwa Samaniyawa iri-iri. Kalmar ba ta yanke hukunci a kan hali, kamar yadda Bature ba ya nufin nagari ko mugu, don haka Vilgax azzalumi, babban abokin gaban Ben, da Azmuth mai hikima duk ta ɗauke su. Sannan tana haihuwa. Kowane jinsi zai samu nasa ba tare da wahala ba: Bakiriftone da Kiriftonawa, Basayane da Sayanawa, Bagalbane da Galbanawa, harshensu kuma Kiriftonanci ko Galbananci. Yaron da ya ji Sayanawa sau ɗaya ya gane cewa al'umma ce, ba sai an yi masa bayani ba.

Na gwada wasu saiwoyin kafin wannan. Daga tauraro za a samu Taurarawa, daga sarari a samu Sararawa, dukansu kuwa sun yi karo da kalmomin da muke da su, taurarawar abu da sararawar mai hutu. Ɗan sama kuma ya yi kusa da ɗan sama jannati, wanda mutum ne irinmu da ya hau kumbo.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Malam da ya ce yana tsoron a rikita Samaniyawa da mala'iku, Allah ya saka da alheri, tsoron yana kan hanya. Abin da na dogara da shi shi ne yadda muke amfani da kalmomin biyu. In ana maganar wahayi da mala'iku da littattafai, sama muke cewa, ko sammai. Samaniya ta fi zama a bakin masu hasashen yanayi da masu labarin tauraron ɗan'adam. Da Basame na ce, da na janye. Yaya da ya tuna mana Basamariye, wato mutumin Samariya, wanda masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa suka sani, gaskiyarka, harafi ɗaya ne tsakani. Amma harafi ɗaya ne kuma tsakanin Baturiya da Baturkiya, ba a kuwa taɓa kai wasiƙar Landan Ankara ba saboda haka. Zancen da kalmar ke ciki shi ke fayyace ta.

Hajiya malamar makaranta ta kawo abin da ya fi duk sauran nauyi, kuma ina so mu tsaya a kansa. Ta ce in muka mai da su ƙabilu a harshenmu, to mun buɗe ƙofar da yara za su koyi yi wa ƙabila kuɗin goro, domin katun ɗin kansu haka suke yi. Gaskiya ne, Hajiya. Wannan ita ce al'adar da ta fi rauni a irin waɗannan labarai: a ɗauki hali ɗaya a shafa wa duniya guda. Galbanawa duk masu basira ne, Sayanawa duk mayaƙa ne masu cin abinci kamar ba gobe, jinsin Rath na Ben 10 mai kama da damisa duk masu zafin kai ne da hargowa. Marubuci yana yin haka ne don sauƙi, yaro ya gane jarumi daga kallo ɗaya. Mu da ke zaune a ƙasar da ake cewa 'yan ƙabila kaza duk haka suke, mun san inda wannan tunani ke kaiwa. Sai dai ni a ganina kalmar ba ta haifar da matsalar, fito da ita fili take yi, yadda uwa ko malama za ta iya kamawa ta yi magana a kai. Labaran ma sun ba mu makamin. Goku da Vegeta jinsinsu ɗaya, ɗaya mai sauƙin kai, ɗaya mai jin sarauta da girman kai, wanda sai da ya ɗauki shekaru kafin ya sauko. Azmuth da tsohon mataimakinsa Albedo duk Galbanawa ne, ɗaya ya ƙera don zaman lafiya, ɗaya hassada ta cinye shi. Starfire da yayarta Blackfire ciki ɗaya suka fito, amma ba su haɗa hanya ba. In dodanni muka kira su, wannan darasi ba zai taso ba sam, don ba wanda ke tambayar ko a cikin dodanni akwai na kirki.

Wani ɗan'uwa ya tambaya, in mutum ne ya je duniyarsu fa, ai shi ne alien a can. Haka ne, kuma a nan ne baƙo zai yi aikinsa. Basamaniye sunan asali ne daga mahangarmu ta 'yan ƙasa, baƙo kuma matsayi ne da kowa ke iya shiga. Ben in ya sauka Khoros baƙo ne, amma ɗan'adam ne har gobe.

Sauran kalmomin ba su da gardama sosai. Canjin siffa rikiɗa ce, muna da ita tun tuni. Raunin da kowane gwarzo ke da shi, kamar koren dutsen da ke karya Superman, ko mai siffar kifin nan na Ben da ba ya jure rabuwa da ruwa, ko agogon da ke yin ja ya mutu a tsakiyar faɗa, wannan lago ne, an gano lagonsa. Wanda ya haɗa jini biyu kuwa, irin Gohan ɗan Goku, ko Ben da Gwen waɗanda kakarsu Verdona Basamaniya ce, ruwa biyu ya wadatar. Ga shi kansa jarumin, na fi son gwarzo ko sadauki, tunda jarumi yanzu ya fi tafiya ga ɗan wasan fim.

Masu fassara da ke cikinmu, don Allah ku gwada Basamaniye da Samaniyawa a baki, a cikin jimla mai sauri irin ta fagen faɗa, ku gaya mana ko harshe yana tuntuɓe. Gaɓa biyar ce, ita ce kaɗai damuwar da ta rage mini. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi da Kumasi kuma, ku faɗa mana abin da yaranku ke cewa, musamman inda ake kallon katun ɗin da Faransanci.