Tambaya a kan furen edelweiss na tsaunukan Alps da ke Turai

Ɗan Gobir:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana tsirrai game da furen edelweiss, wanda ƙasar Ostiriya ta sa hotonsa a kwandalarta ta santi 2 na kuɗin yuro. Shin farin ɓangaren nan mai siffar tauraro da ake gani a saman tsiron shi ne ainihin furen? Kuma yaya tsiro ƙanƙane haka yake jure rayuwa a saman duwatsu?

Malam Na-Tsauni:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Farin tauraron da ka gani ganyaye ne da suka kewaye furen, lulluɓe da farin gashi mai laushi kamar auduga. Ainihin furannin ƙanana ne ƙwarai, masu launin rawaya, a dunƙule cikin curi biyar ko shida a tsakiyar tauraron, kuma wannan tsari ne ya sa masana suka haɗa shi dangi ɗaya da furen rana, suka ba shi suna Leontopodium nivale. Gashin nan shi ne sirrinsa, domin yana rage ruwan da iska ke zuƙewa daga ganye, yana kare shi daga sanyi, yana kuma tare zafafan haskokin rana da ke ƙara ƙarfi gwargwadon yadda aka yi sama. Tsawon tsiron a daji ba ya cika wuce santimita 20, kuma yana fure daga Yuli zuwa Satumba.

Hajiya Mai Lambu:
Malam ya yi bayani, Allah ya saka da alheri, sai dai ya bar maganar ƙasa, wadda a ganina ita ce ta fi muhimmanci. Tsiron ya fi son tsagogin duwatsun farar ƙasa da ruwa ba ya kwanciya, a tsayin mita 1,800 zuwa sama da 3,000. Masu lambu a Turai suna shuka shi a kwari ya yi, amma idan ƙasar ta cika taki sai farinsa ya dushe ya koma kore-kore.

Malam Na-Tsauni:
Gaskiya ne, Hajiya. Akasarin danginsa na kusa ma a Asiya suke, musamman Himalaya da tudun Tibet. Yawan tsinkarsa da masu yawon buɗe ido suka yi a ƙarni na 19 ya sa ya yi ƙaranci a wurare da dama, shi ya sa doka ta hana cire shi a sassan Suwizalan, Ostiriya da Jamus.