Shawara kan fodkas da littattafan sauraro ga mai son tarihi

Auta: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Kullum ina shafe kusan minti 40 a mota kafin in isa wurin aiki, kuma ina so in riƙa ƙaruwa da wannan lokaci. Tarihi ne ya fi jan hankalina, ina kuma jin Turanci daidai gwargwado, sai dai na taɓa gwada wani fodkas, wato shirin murya da ake saurara ta intanet, mai tsawon sa'a 4 na kasa kai shi ƙarshe. Da wanne kuke ganin ya dace in fara?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara da shirin da za ka iya kammalawa kafin ka sauka daga mota. Wanda nake ba ɗalibaina shi ne A History of the World in 100 Objects, wanda BBC ta shirya tare da gidan tarihin British Museum a 2010, Neil MacGregor kuma ya gabatar da shi lokacin yana shugabantar gidan. Kowane kashi bai wuce minti 15 ba, kuma abu ɗaya tak ake ɗauka a yi masa filla-filla: wanda ya ƙera shi, abin da ya sa aka ƙera shi, da abin da yake nunawa game da mutanen zamaninsa. Akwai makamin dutse daga Olduvai a Tanzaniya mai shekara kusan miliyan 2, akwai kan tagulla na Ife, an kuma rufe jerin da fitila mai aiki da hasken rana. Idan ka zo kashin allon tagulla na masarautar Benin da ke Najeriya, ka saurara da lura, domin sojojin Ingila ne suka kwashe waɗannan kayayyaki a 1897, kuma har yau ana kiraye-kirayen a mayar da su.

Maman Biyu: Malam ya kawo shawara mai kyau, amma kada ka manta da na harshenmu, Auta. Jaridar Aminiya tana da Najeriya a Yau da kuma Daga Laraba, ana iya sauke su a waya a saurara ko babu intanet. Ni labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara domin mata marubuta a 2016, su ne suka saba mini da sauraron karatu.

Baba Alhaji: Ina da ɗan ja da Malam, ɗana. Gajerun shirye-shirye suna da daɗi, sai dai kowanne zaman kansa yake yi, mai neman ilimi kuwa yana buƙatar abin da yau za ta ɗora a kan jiya. Shi ya sa na fi ƙaunar History of Philosophy Without Any Gaps, wanda Farfesa Peter Adamson ya fara a 2010. Yana bin tarihin falsafa daki-daki tun daga Girka, kuma da ya iso duniyar Musulunci bai yi tsallake ba, ya zauna a kan Alkindi da Alfarabi da Ibn Sina da Algazali da Ibn Rushd, kowanne da haƙƙinsa. A sashen Afirka, wanda suka yi tare da Chike Jeffers, har Daular Sakkwato sun tattauna. Kashi ɗaya kimanin minti 20 ne, saboda haka zai shiga cikin tafiyarka.

Auta: Na gode ƙwarai, Baba. To, littattafan sauraro fa, Malam? A ina ake samun na ƙwarai?

Malamin Tarihi: Shafin LibriVox kyauta ne. An kafa shi a 2005, masu aikin sa kai ne suke karanta littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, don haka tsofaffin littattafai za ka tarar a can. Abin lura shi ne wasu littattafan mutane da yawa ne suka raba babi-babi, sai ka saba da murya ɗaya a canza maka wata. Ka nemi wanda mutum ɗaya ya karanta daga farko har ƙarshe. Audible kuwa na kuɗi ne, amma yana barin ka ji ɗan somin-taɓi kafin ka saya, kuma kada ka tsallake wannan, domin muryar da ba ta kwanta maka ba a minti 5 ba za ka iya zama da ita sa'a 15 ba.

Maman Biyu: Abin da yake damuna shi ne ƙarancin littattafan Hausa da aka naɗa da yardar marubutansu. Idan ka ci karo da karatun wani littafi a YouTube, ka bincika ko marubucin ya ba da izini, domin guminsa ne.

Auta: Allah ya saka muku da alheri. Gobe da safe zan fara da kashin Ife, da yamma kuma in ɗauki na Alkindi. Baba, idan wani bayani ya shige mini duhu, zan dawo nan in tambaye ku.