Ta yaya za mu gane matasa na cikin aikin da gaske, ba sa hannu kawai suke zuwa yi ba?

DanMabera ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe cikin harkar ƙungiyoyin matasa. Muna da wata 'yar ƙungiya anan cikin garin Sakkwato, muna koya ma yara gyaran waya da ɗinki, muna ɗan yin lesin ga masu shirin WAEC da JAMB, sannan duk shekara kafin damina mukan fita yashe kwatoci a unguwa. To akwai masu tallafa mana da ɗan abin da ya samu, kuma duk bayan wata uku sai mun cike musu fom ɗin rahoto, a ciki akwai gurbin da ake son mu nuna yadda matasa suka rungumi shirin. Abin da muke yi shi ne mu ƙirga sunayen da ke takardar sa hannu mu rubuta adadi, mu haɗa da hoton taro, su karɓa su ce madalla.

Ni dai gaskiya abin yana ci min rai, saboda ranar da za a ba da kuɗin mota zaure cika yake har waje, wasu fuskokin ma ban taɓa ganinsu ba, ranar da babu kuwa sai 'yan tsirarun nan da muka saba. Akwai wani yaro da ko tari ba ya yi a mitin amma shi ke riga kowa zuwa ya share wuri ya jera benci, ranar yashe kwata shi ya aro mana baro da shebur a gidansu, amma a takarda layi ɗaya gare shi daidai da wanda ya sa hannu ya karɓi kuɗi ya fice. Wallahi ina ganin ba mu yi masa adalci ba. Ku da kuka san aikin, da me kuke aunawa?

Malam_Arkilla ya rubuta:

Wa'alaikumussalam ƙanena. Tambayarka ta yi, amma kada ka jefar da rajista, fasalinta za ka canza. Matsalar ita ce kowane taro da sabuwar takarda, sai a tara su a fayil babu mai sake dubawa, to ta yaya za ka san mutum hamsin ɗin yau su ne hamsin ɗin makon jiya? Ka sayi babban littafi guda ɗaya irin rajistar aji ta firamare, sunaye a jere ta gefe, ranaku a sama, kowa da layinsa har ƙarshen zango. Ranar da aka ba da kuɗin mota ko abinci ka sa mata alama da jan biro. In wata uku ta cika za ka iya fitar da adadi uku maimakon ɗaya, wato waɗanda suka taɓa lekowa ko sau ɗaya, da waɗanda suka zo fiye da rabin zaman, da waɗanda suka zo ranakun da babu jan biro. Sannan ka bar wani gurbi a ƙarshen layi ka riƙa rubuta aikin da mutum ya ɗauka da kansa, ya kawo kayan aiki, ya jawo abokinsa, ya jagoranci zama, ya koya ma wani. Yaron nan naka mai jera benci a wannan gurbin zai fito.

Amma duk wannan zuwa da aiki kawai yake aunawa, bai taɓo maganar wa ke yanke shawara ba, kuma a wurina ita ce babba. Akwai wani masani Roger Hart da UNICEF ta buga aikinsa a 1992, ya jera shigar yara cikin al'amura a matakai takwas na tsani. Uku na ƙasa ya ce ba shiga ba ce sam, wato a yi amfani da yara ba su san ma me ake ciki ba, ko a sa musu riga mai tambari su ƙawata taro, ko a ba ɗaya daga cikinsu makirufo ya karanta abin da manya suka rubuta masa. Daga na huɗu ne ake fara lissafi, inda aka ba su aiki kuma aka yi musu bayanin dalili, sai inda ake neman ra'ayinsu da gaske, har zuwa can sama inda su ne suka ƙirƙiro abin suka jawo manya aka yanke shawara tare. Ba wai dole kowane aiki ya kai na takwas ba, amma ka ɗauki ayyukanku uku ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ku tambayi kanku wa ya kawo shawarar, wa ya sa rana, wa ya san nawa aka kashe.

Abu na ƙarshe ka rubuta shekarun kowa. Manufar matasa ta ƙasa ta 2019 ta ce matashi shi ne ɗan shekara 15 zuwa 29, in ka duba kwamitinku ka ga duk sun haura haka to ka riga ka samu amsar wani ɓangare na tambayarka.

Yar_RunjinSambo ta rubuta:

Malam na gode da bayanin nan, sai dai ina son in ƙara maganar 'yan mata don ita ake yawan mantawa. Rajista waɗanda suka zo take nunawa, ba ta faɗin wanda bai zo ba da dalilinsa. In kun sa mitin bayan magariba to kun riga kun cire mata ke nan, babu uban da zai bar 'yarsa ta fita lokacin, in kuma bayan la'asar ne ga islamiyya ga aikin gida, wasu ga talla. Sai a rubuta a rahoto wai mata ba su nuna sha'awa ba, alhali ba a taɓa zuwa gidansu an gaida iyayensu an nemi izini ba.

Sannan wadda ta samu ta zo ɗin, za ka ganta can baya ta ja hijabi ta yi shiru, in ka auna da yawan magana sai ka ce ba ta ciki. Ni ina koyar da ɗinki, na ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu gaban maza ba amma da muka ware zaman mata zalla ita ce ta ce a daina ba kowa keke ɗaya-ɗaya na tsawon yini, a raba lokaci biyu-biyu, ɗaya na yanka ɗaya na ɗinki, kuma tsarin da muke kai ke nan har yau. Don haka ku ware zama na mata, mace ta jagoranta, ita ta rubuta abin da aka ce.

Ma'aunin da na fi yarda da shi kuwa shi ne ta koya ma wani? Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan. Nana Asma'u 'yar Shehu haka ta tsara 'Yan Taru, shugabannin da ake kira jaji na jagorantar mata daga ƙauyuka su zo wurinta su ɗauki karatu, ana naɗa ma jaji malfa, su koma su karantar da matan da ba su iya fitowa. Ilimin da ya isa cikin gidaje shi ne shaidar aikin. To mu ma in yarinya ta koma gida ta nuna ma ƙanwarta ko amaryar yayanta yadda ake sa zare a keke, a rubuta shi. Kuma in ta daina zuwa a bi ta gida a ji, sau da yawa aure aka yi mata ta koma wata unguwa, ba gudu ta yi ba.

Baba_Kware ya rubuta:

Ɗiyana Allah shi yi muku albarka da wanga tunani. Lokacin da munka taso babu fom babu rahoto, amma in anka kira gayya sarkin samari ya san wanda yaz zo da hauyarshi tun da sassafe da wanda bai iso ba sai da anka sauke hura. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ku yi zama biyu ko ukku babu ko sisi ku ga wa za ya zo, waɗannan su na naku.

Amma ku lura da lokaci kada ku zalunci yara. Da an gama girbi samarinmu da yawa ci-rani suke tafiya Kudu, ba su dawowa sai ruwa ya kusa sauka, waɗanda sunka tsaya kuma wasu na fadama wajen albasa da shinkafa. Damina ta zo suna gona. Ga azumi, ga zafin watan Maris zuwa Mayu da kowa ya sani ba a zama ƙarƙashin kwano da rana tsaka. In kunka kwatanta watan da kowa na gida da watan da rabin gari ya tafi nema, sai ku ce aiki ya lalace alhali lafiyarshi lau. Ku kwatanta rani da ranin bara, damina da daminar bara. Kuma yaron da yat tafi ci-rani yad dawo ya nemo ku da ƙafarshi, ku rubuta shi cikin na gaba-gaba.

Dalibin_Danfodiyo ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, na yarda da maganar lokaci ɗari bisa ɗari, amma a yi min afuwa kan batun ranar da babu kuɗi, ni matashi ne kuma ina cikin irin waɗannan ƙungiyoyin, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin Keke Napep da kabu-kabu ya tashi, yaron da ke Kwannawa ko Dambuwa in ba a ba shi na mota ba wallahi ba zai iya zuwa cikin gari ba ko da ransa na wurin, sai ya zama ranar da babu jan biro ɗin 'yan kusa da masu ɗan hali kawai kuka ƙirga. In za a yi wannan gwajin a rubuta unguwar kowa a gefen sunansa, ko kuma a riƙa kai zaman unguwanninsu.

Na biyu don Allah a rage fom ɗin nan na kun gamsu ko ba ku gamsu ba, wanda zai ba ka kuɗin mota yana tsaye a kanka da biro wa zai ce bai gamsu ba? Ga shi wasu karatun boko bai zauna musu ba, na kusa da su suke kwafa. In ana son gaskiya a zaɓi biyu daga cikinmu su zagaya su ji ta bakin 'yan uwansu ba tare da shugabanni na wurin ba, ko a bar mutum ya turo saƙon murya ta WhatsApp.

Abin da ke sa mu daina zuwa wuri kuwa ba wani abu ba ne illa mu yi magana a ce an ji, shikenan ba a sake tada ita. Ku buɗe shafi ɗaya a littafin mitin, duk shawarar da matashi ya kawo a rubuta, a gabanta a sa an yi ko ba a yi ba da dalili, a karanta a zama na gaba. Ko ba a yi ɗin ba in aka faɗa mana dalili za mu ji an ɗauke mu mutane. Wannan shafin shi za ku nuna ma masu tallafin.

Malam_Arkilla ya rubuta:

Ɗalibi ya yi gaskiya, a ƙara gurbin unguwa. Sai dai DanMabera ka kula, littafin nan yanzu ya ƙunshi sunaye da shekaru da unguwannin yaran mutane har da 'yan mata, a ajiye shi wurin mutum ɗaya amintacce, kada a ɗauki hotonsa a watsa a guruf. Masu tallafi adadi za ka ba su ba sunaye ba, in kuma za ka ba da labarin wani yaro a rahoto ka nemi yardarsa tukuna, in ƙarami ne har da ta iyayensa.

DanMabera ya rubuta:

Na gode ƙwarai Malam, Anti, Baba da kai ɗan uwa, Allah ya saka da alheri. Zan kai maganar gaban kwamiti ranar Asabar in sha Allah, littafin rajista da shafin shawarwari za mu iya fara su nan take tunda ba su cin kuɗi, kuma ina son yaran su riƙe shafin da kansu. Zaman mata zai ɗan jira sai mun samu wadda za ta jagoranta, Anti in kina da lokaci zan so ki zo ki ga wurin namu ki ba mu shawara kan lokacin da ya fi dacewa da su. Abin da ya rage min shi ne fom ɗin masu tallafi gurbi ɗaya gare shi na adadi, in na sa na waɗanda suka zo fiye da rabi zai yi ƙasa sosai da abin da muka saba turawa, ina tsoron su ɗauka aikin ne ya ja baya.

Malam_Arkilla ya rubuta:

Ka sa musu adadin da suka saba gani a gurbin, na duk wanda ya taɓa zuwa, don shi ma gaskiya ne. Sauran biyun ka rubuta su a takarda daban ka liƙa, da layi biyu na bayanin yadda kuka ƙirga. Kuma kafin ka tura ka kira jami'in da ke kula da ku a waya ka faɗa masa kun canza tsari, kada ya fara ganin abin a rahoto.