Musayar waƙa kan Janar Useni da kurtun ƙauye

Ɗan Gujungu:
Salamu alaikum 'yan uwa, jiya a kasuwa hira ta kai mu kan marigayi Janar Jeremiah Useni mutumin Langtang da ya rasu a Janairun 2025, shi ne na ce bari in jefo baiti mai amsa ya amsa

Tun yana yaro ya sa kaki a Zariya,
Yaƙin basasa ya shiga bai ja da baya,
Ya yi gwamnan Bendel, ya riƙe Abujar Nijeriya,
2015 Filato ta kudu ta ce sanata ga hanya.

'Yar tsohon soja, Ringim:
Yaya baitinka ya yi amma wallahi ka taɓo min inda ke ciwo, babana ma ya yi yaƙin nan tun 1967 har aka gama a 1970 kuma kurtu ya je kurtu ya dawo

Ka yabi Janar, ni ko ina da tambaya,
Wa ke waƙar kurtun da ya sha wuya?
Baba ya dawo da harsashi a cinya,
Kuɗin fansho rabi ya ƙare a hanya,
Je ka dawo gobe, yau kamar jiya,
Da ɗingishi ya noma gero har ya bar duniya.

Malam na Bichi:
Allah ya jiƙan Baba 'yata, ya sa ya huta

Kukanki 'yata ba shakka gaskiya,
Janar na hannun daman Abacha ne, ba a ɓoya,
Amma ya tuɓe kaki ya roƙi ƙuri'a ba kunya,
2019 Lalong ya kada shi, kujerar gwamna ta faskara, ya juya,
Bai nemi bindiga ba, kotu ya je da lauya,
Mu da muka ga juyin mulki mun san wannan ba wasa ba ne, ɗiya.

Ɗan Gujungu:
Malam ka tuna min, kujerar sanatan nan a 2007 ta Janar Shagaya,
Shi ma ɗan Langtang, ya ja ECOMOG, sojan Afirka ta Yamma, a Laberiya.

'Yar tsohon soja, Ringim:
To Janar biyu kenan a kujera ɗaya Malam, ai maganata ta ƙara ƙarfi

Duk 15 ga Janairu a yi fareti don mazan jiya,
A ajiye furanni, a saki tantabaru, a watse lafiya,
Inna na Ringim da marayu tana dakan tsiya,
Wanda ya kwana a rami da kurtu shi ya san wuya,
In ya shiga majalisa, shi zan fara yi wa tambaya.

Malam a ba ni amsar wannan a baiti dan Allah, ina nan har bayan isha'i